Lasin Gwanki Ɗaya

A shekarar da aka samu mulkin kai, Baturen dabbobi mai kula da yankin Tambuwal ya ɗaure kayansa zai koma ƙasarsu. Ana gobe zai tashi ya kira Malam Na'iya, wanda ya daɗe yana bin sa rugage suna yi wa shanu allura, ya miƙa masa bindigarsa ta farauta, ya ce ya ba shi halak malak. Na'iya ya sa hannu biyu ya karɓa. Bai taɓa harbin abin da ya wuce zabo ba, amma tun kafin ya kai gida ya san abin da zai yi da ita, ya kuma san wanda zai fara nuna wa.

Na'iya mutumin Fakku ne, can ƙasar Kebbe. Ubansu maharbi ne, ya rasu Na'iya bai yi wayo ba, sai wansa Ɗangiwa ya ɗauki adakar tsohon, bindigar nan ta gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, ya shiga daji ya riƙe gidan. Da naman daji Na'iya ya girma, da fatar daji aka ɗinka masa takalminsa na farko. Ɗangiwa ya yi suna har ƙetaren gulbi, musamman a kan gwanki, dabbar nan mai girman doki, mai dogayen kunnuwa da lanƙwasasshen ƙaho, wadda ba kowane maharbi ke iya tunkara ba. Ya sha yi wa ƙanensa alkawarin cewa da ya isa riƙe bindiga zai kai shi ya kashe nasa. Kafin ranar ta zo hakimi ya aiko a ba da yaro makarantar boko, aka ba da Na'iya. Kafin ya gama karatu kuma doka ta fito, aka hana taɓa manyan namun daji sai da lasin, lasin kuwa a zamanin nan Turawa ke samu, sai ko wani babban mutum. Ɗangiwa ya koma harbin gada da zomo, yana noma ɗan geronsa.

Ranar da Na'iya ya kai bindigar Fakku, Ɗangiwa ya juya ta, ya shinshina bakinta, ya ɗora ta a kafaɗa ya auna kukar da ke bayan gida.

"Yanzu ƙasa ta dawo hannunmu, Yaya," in ji Na'iya. "An ce kowa na iya neman lasin. Zan nema, mu tafi tare, ni da kai."

"Kai dai samo takardarka," Ɗangiwa ya ce. "Ni na san mashayar gwanki."

Neman takardar bai zo da sauƙi ba. Na'iya ya hau babbar mota ya tafi Sakkwato, aka ce sai ya fara yi wa bindigar rajista da sunansa. Ya yi. Aka ce sai hoto, sai shaidar hakimi cewa shi mutumin kirki ne. Ya kawo. Sannan akawun ofishin daji ya gaya masa gaskiya, cewa gwanki ya yi ƙaranci a dazukan lardin, 'yan kaɗan ake yarda a harba kowace shekara, masu nema kuwa sun yi yawa, har da attajirai da manyan ma'aikata daga Kaduna. Ya ce ya je ya saurara. Shekarar farko ba a kira shi ba, ta biyu ma haka. Duk sanda ya je Sakkwato karɓo maganin shanu sai ya leƙa, har masinjojin ofishin suka sa masa suna Malam mai gwanki.

A cikin shekarun nan aka tashi babban aikin allurar bushiya, cutar da ke share garke kakaf. Na'iya ya koma kamar Bafillace, yau wannan ruga gobe waccan, ba ya samun zuwa Fakku sai da salla, shi ma ya kwana ɗaya ya juya. In ya je, gaisuwar Ɗangiwa ta biyu ita ce, "Ina labarin takarda?" Shi kuma ya ce, "Tana tafe, Yaya."

Ta zo a tsakiyar wata bazara. An ba shi gwanki ɗaya, namiji, a dajin da ke kudu da Fakku, kuma da ruwan farko ya sauka lasin ya mutu. An kuma ce kafin ya shiga sai ya kai wa malamin daji na Kebbe sunan wanda zai yi masa jagora. Na'iya ya nemi hutu, ya ɗaure bindiga a keke, ya kama hanya yana murmushi shi kaɗai.

Labari ya riga shi isa. Ya tarar da Ɗangiwa zaune a bakin zaure, dattawa sun kewaye shi, ya fito da tsohuwar rigarsa ta maharba, mai launin ƙasa, wadda layu suka rufe ƙirjinta, ya shanya ta a kan danga. Yana ta ba su labarin inda za su kwana da inda za su yi kwanto, murya ta buɗe, kamar an rage masa shekaru. Na'iya ya jingine keke ya yi sallama. Ɗangiwa ya miƙe da sauri, ya nufo shi, ya miƙa hannu, sai hannun ya wuce ta gefen Na'iya ya kama iska. Ya yi dariya ya gyara, ya ce rana ce ta kashe masa ido.

Da aka kawo fura, Na'iya ya zuba masa ido. Ya ga yadda yake laluben ludayi kafin ya kama. Ya ga wani farin abu kamar nono ya kwanta a tsakiyar ƙwayar idonsa na dama, na hagu ma ya fara. Na'iya ya sha ganin irin wannan a idon tsofaffin shanu, ya san ba ya komawa baya.

Da la'asar ya shiga cikin gida gaida Tambaya, matar Ɗangiwa, wadda ta yi masa wanka da wanki tun yana ƙarami. Tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta jawo shi bayan rumbu.

"Ka gani ko?" ta ce.

"Na gani, Yaya Tambaya. Tun yaushe?"

"Tun bara wancan shika ƙaruwa. Ya hana a faɗi. Ko gona in za shi, bin danga shikai da hannu. Rannan ya faɗa ramin da anka ɗebi ƙasa, ya ce santsi ne, ga rani." Ta share ido da bakin zane. "Don girman Allah, Na'iya, kada ka kai shi dajin nan. In ka kai shi, gawa za ka maido min."

"In aza shi bisa jaki fa, in samu wani shi shige gaba?"

"Kai ma ka san yayanka. Shi bi bayan wani a dajin da ubanai ya nuna mai? Gara ka yanka shi."

Na'iya ya kwana biyu yana juya maganar. In ya dubi rigar da ke kan danga sai ya ce a ransa ai zai riƙe shi, su yi tafiya a hankali, ko ba su kashe komai ba sun dai cika alkawari. In kuma ya fita ya ji yadda rana ke dukan ƙasa tun hantsi, ya tuna tafiya ce mai nisa babu ruwa, ga kwazazzabai, ga gwanki in ya ji ciwo yakan juyo kan mutum, sai ya sake shawara. Ya yi tunanin ya mayar da lasin ya huta. Amma ya jira shi shekaru, kuma ba zai ɓoye wa kansa ba, yana son ya harbi gwankin nan.

A gefen gulbi akwai rugar wani Bafillace, Hamma, wanda Na'iya ya yi wa shanunsa allura har suka saba. Mutum ne dogo, marar yawan magana, kowace bazara a bakin dajin nan yake zama. Na'iya ya same shi yana gyaran igiyar maruƙa, ya gaya masa abin da ke tafe da shi.

"Malam, ni makiyayi ne," in ji Hamma. "Nakan gan su, gaskiya ne, akwai wani babban namiji da ke sauka wani tafki can ciki. Amma dajin ga kowa ya san na yayanka ne. Mi za a ce a Fakku?"

"Idonai ya tafi, Hamma."

Hamma ya ajiye igiyar. Sannan ya ce, "Allah Sarki. To, in shi ya yarda, ni na yarda."

Na'iya bai koma ya nemi yardar ba. Ya san in ya zauna gaban wansa ba zai iya ba. Daga rugar ya zarce Kebbe, ya ba malamin daji sunan Hamma, aka rubuta, sannan ya dawo Fakku da yamma.

Ya tarar da Ɗangiwa shi kaɗai a zaure, yana ɗinka wa goran ruwa sabon maratayi, yana laluben ramin basilla da yatsa. Na'iya ya zauna ƙasa kusa da ƙafarsa. Ya yi maganar zafin bana, ya yi maganar nisan tafkin, ya ce shekaru sun ja, jiki ba ya zama ɗaya. Ya kewaya ya kewaya, bai ambaci ido ba. Ɗangiwa ya bar ɗinkin.

"Wa ka rubuta?"

"Hamma."

"Bafillacen bakin gulbi?"

"Shi, Yaya."

Na'iya yana jin kukan kurciya a kan kukar bayan gida. Ya so ƙwarai wansa ya zage shi, ko ya ɗaga murya.

"Ya san daji," in ji Ɗangiwa. "Allah shi ba da sa'a." Ya ci gaba da ɗinkinsa.

Washegari da sassafe Na'iya da Hamma suka shiga daji. Ciyawa ta bushe ta kwanta, itatuwan marke da taramniya sun zubar da ganye, ko'ina fari fat, ƙasa na ƙuna ta cikin takalmi. Hamma na gaba da sandarsa a kafaɗa. Na'iya ya daɗe yana mafarkin wannan rana, ga shi yau yana cikinta, amma ba ya jin komai sai nauyin bindiga. Da azahar suka fake ƙarƙashin wata tsamiya. Suna nan suka ji sukuwar doki. Lauwali ne, maƙwabcin Ɗangiwa, ya biyo sawunsu, dokin duk kumfa.

"Malam, yayanka ya fita! Bayan tafiyarku kaɗan. Ya sa rigatai, ya ɗauki adaka, ya ce ma Tambaya za shi bayan gari. Har yanzu shiru. Ko goran ruwan da ya ɗinka yana nan rataye, ya manta shi."

Na'iya ya miƙe zumbur.

Mazan Fakku duk sun fito. Mai gari ya raba su ƙungiya ƙungiya, aka yi magana ɗaya: kada kowa ya harba bindiga sai wanda ya same shi, don in aka ji ƙara kowa ya san an gama, ya dawo. Kowa ya ɗauka Ɗangiwa tafkin nan zai nufa, tun da shi ne tsohuwar mashayarsu, saboda haka can aka fi ba ƙarfi. Aka yi ta kira, "Ɗangiwa! Ɗangiwa!" har muryoyi suka dushe, har rana ta faɗi. Ba a ga ko alamarsa ba. Aka koma aka jira gari ya waye, Na'iya da Hamma kuwa suka kwana a dajin.

Da hantsi Na'iya da Hamma suka isa tafkin. Ruwan ya janye ya bar laka mai tsattsagewa, sai ɗan kore a tsakiya. Na'iya yana duba bakin lakar ko zai ga sawun mutum, sai Hamma ya taɓa masa kafaɗa.

Gwankin na tsaye a ɗaya gefen, shi kaɗai. Ya fi yadda Na'iya ya zata girma. Jikinsa ja-ja toka-toka, fuskar baƙa da farin zane, ƙahonin sun lanƙwashe baya kamar lauje, ruwa na ɗiga daga bakinsa. Iska daga wajensa take busowa, bai ji warinsu ba. Ya ba su gefe sosai, ko mai koyo ba zai kuskure ba. Na'iya bai san sanda bindigar ta hau kafaɗarsa ba. Ya ga gurbin da ke bayan ƙafar gaba, inda wansa ya sha nuna masa da tsinke a ƙasa tun yana yaro. Yatsansa ya kwanta a kan kunamar bindigar.

Sai ya tuna. In ya harba, duk wanda ke cikin dajin nan zai ce an samu Ɗangiwa, ya juya gida. Tambaya za ta ji, ta ɗora ruwan zafi.

Ya sauke bindigar. Gwankin ya ɗaga kai, ya kaɗa dogayen kunnuwansa, ya dube su, sannan ya juya ya shiga cikin itatuwa ba tare da gaggawa ba.

Rana ta kusa tsaka suka ji ƙarar adaka, can baya, ta wajen gari. Suka juya da gudu-gudu. Na'iya ya yi ta tsammanin za su tsaya a wani kwazazzabo mai nisa, amma suka yi ta tafiya har suka fara ganin kututturan gero na gonakin Fakku. A nan, cikin wata busasshiyar ƙorama inda mata ke zuwa itace, mutane suka yi cincirindo.

Ɗangiwa na zaune a kan yashi, ya jingina da gindin wata kanya. Leɓunansa sun tsage, ƙaya ta yayyaga masa ƙafafu, takalmi ɗaya ya ɓace, hular ma babu. Adakar na kwance a cinyarsa, ya riƙe ta gam. Lauwali na ɗiga masa ruwa a baki kaɗan kaɗan. Daga inda yake, da mai ido ne, da ya hango rufin rumbunan gari. Ashe tun jiya yake kewaya wuri ɗaya, ya hau gaɓar ƙoramar ya sauko, yana tsammanin ya yi nisa cikin daji.

Na'iya ya ratsa mutane ya durƙusa gabansa.

"Yaya."

Ɗangiwa ya juyo da fuska wajen muryar. "Na'iya? Kai ne?" Muryar ta shaƙe, da ƙyar take fita. "Ka zo daidai. Na samu sawunai. Tun jiya nika biye da shi. Babba ne. Duba nan." Ya miƙa hannu yana shafa yashi a gefensa. "Duba."

Na'iya ya duba. Sawun shanun gari ne da ke bi ta nan zuwa rijiya, birjik, har da kashinsu. Duk wanda ke tsaye a wurin ya gani. Wani ya yi tari, wani ya kau da kai. Dattawan da suka zauna suna sauraron labarinsa a bakin zaure suna nan tsaye, kowa ya sunkuyar da kai.

"Na gani, Yaya," in ji Na'iya. "Babba ne."

Aka kawo jaki aka aza shi. Babu wata hanyar shiga gida sai ta tsakiyar gari, mata sun fito ƙofar gidaje, ana ta barka, barka, Allah ya kiyaye gaba. Wataƙila yawan muryoyin ne, wataƙila gajartar tafiyar ce, amma kafin su kai ƙofar gida Na'iya ya ga fuskarsa ta sake, ya san ya gane inda aka same shi. Tambaya ta tarye su ba ta yi kuka ba, ta kama hannun mijinta ta shige da shi ɗaki, ta saki asabari.

Na'iya ya zauna a Fakku har zazzaɓin da ya kama wansa ya sauka. Hamma ya aiko sau ɗaya cewa gwankin na nan yana sauka tafkin, in Malam na so su koma. Na'iya ya aika masa da godiya da goro. Bayan 'yan kwanaki hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwan farko, lasin ya mutu a aljihunsa. Ya koma Tambuwal bakin aikinsa, bai sake nema ba.

Sai da gero ya fara fitar da kai ya sake zuwa. Ya samu Ɗangiwa a cikin zaure, ba a bakinsa ba, yana tufka igiyar rama. Ya rame, idon hagun ma ya rufe. Suka gaisa, suka yi maganar damina da farashin shanu da wanda ya mutu da wanda ya haihu. Na'iya ya ce ya ji ana aikin ido a wani asibiti a Kano, yana so ya kai shi. Ɗangiwa ya ce a bari sai an gama girbi. Har Na'iya ya fara neman takalmansa, sai wansa ya ce, ba tare da ya bar tufkar ba:

"An ce ka gane shi, gwankin."

"Na gane shi, Yaya."

"Namiji?"

"Namiji. Shi kaɗai."

"Ƙahon fa?"

Na'iya ya kama hannunsa, ya ja yatsunsa a iska, ya kwatanta masa tsawon da lanƙwasar. Ɗangiwa ya gyaɗa kai a hankali.

"Tsoho ne. Garke ya kore shi. Kusa?"

"Kusa ƙwarai."

"Da ka harba."

"Da an ce an same ka, kowa shi koma gida."

"Da ka harba," Ɗangiwa ya sake cewa.

Ladan ya kira la'asar, Ɗangiwa ya lalubo sandarsa ya miƙe, ya miƙa wa Na'iya ɗaya bakin, Na'iya ya kama ya shige gaba, suka fita zuwa masallaci.

An gama girbi, Ɗangiwa ya ce a bari sai bayan salla. Bayan salla ya ce zafi ya yi yawa. Ba a je Kano ba. Ya rasu a shekarar da soja suka karɓi mulki, Na'iya na can wata ruga wajen Dogondaji, saƙo bai same shi ba sai bayan an rufe shi.